Ƙulli Biyu a Ƙugun Hagu

Ni na wanke su, duka biyar.
Katsina kaf ta sha labarinsu,
amma ni kaɗai na san sanyin jikinsu.

Lungunmu yana bayan majema,
inda ruwan bagaruwa ke kwana a ƙofar ɗaki,
warin fata ya riga mai gida amsa sallama.
Ɗaki guda, mutum bakwai, tabarma uku.
In damina ta yi nisa, katanga sai ta durƙusa
kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa.
Wuri goma ne kuɗin kwana a zauren Ɗangoggo,
wadda ba ta samu ba, sai gindin kuka.

Tabawa ce ta fari, mai dakau.
An tsince ta da asuba a bakin kududdufi,
taɓaryarta jingine da bango kamar yanzu za ta dawo.
Tafin hannunta duk kanta,
na goga sabulun salo, ya ƙi laushi.
Aka ce kura ce.
To, kura ba ta yanka,
ba ta kuma gyara wa mace zane
ta yi mata ƙulli biyu a ƙugun hagu.

Bayan sallar layya sai Hakama,
mai kai fura Ƙofar Guga.
Sai Lantana mai kitso, da rabin kanta a tsefe,
ni na ƙarasa mata tsifar.

Dogarai suka zo, hannun riga a hanci,
suna tsallake kwata kamar masu tsoron maciji.
Wa ya ji ihu? Babu wanda ya ji.
Ihun dare a lungunmu ba labari ba ne:
ko bashi, ko naƙuda, ko yunwa ta hana yaro barci.
Suka kama wani baƙo mai jakuna
don ba ya jin Hausa sosai,
suka sa masa mari.
Yana can a ɗaure aka kashe Shekara.
Aka sake shi yana ɗingishi,
jakunansa kuwa sun bi iska.

Masu manyan riguna suka riƙa zuwa da la'asar
a nuna musu wurin, su girgiza kai,
su sayi gyaɗa a hannun yaranmu, su koma.
Ba wanda ya tambayi abin da muka ci jiya.

Ta biyar ba mu san sunanta ba.
Kwananta tara a garin,
tana ɗebo ruwa a ba ta ƙanzo.
Mu muka haɗa wurin likkafani,
bai kai ba, ƙafafunta suka leƙo.
Na rufe su da ɗankwalina.

Daga nan shiru.
Wasu suka ce rijiya ta ci shi,
wasu suka ce ya bi ayari zuwa Agadas,
Goshi makauniya ta ce ku duba sahun gaba a masallaci,
aka ce ta yi shiru, ta yi.

Sau biyar na kwance ƙullin nan da yatsuna,
na san shi kamar yadda na san tarin mijina.
Shekara arba'in ina kallon hannuwan mutane.
Na gan shi a igiyar guga,
na gan shi a bakin buhun gero a kasuwa,
ran nan na gan shi a wuyan akuyar maƙwabcina,
mutumin da ya ɗauki makarar uku daga cikinsu.
Na tsaya har rana ta ƙona min ƙeya.
Ya ce, Iya, lafiya?
Na ce lafiya lau.
Ƙulli ai kowa na yi.

Yanzu idona ya tafi, yatsu suka rage.
Ke da za ki wanke ni, Kuluwa,
kada ki ɗaure min komai da ƙarfi.
In kina zuba ruwa ki kira su a hankali:
Tabawa, Hakama, Lantana, Shekara,
sai ki ɗan dakata,
ki bar wa ta biyar wurinta.